Madalla da Makarantar 'Ya'yan Gata

Duk uban da Allah ya hore wa abin hannu, ya kuma bar ɗansa yana karatu a makarantar da ba a rubuta Intanashinal a allon ƙofarta ba, ya ci amanar yaron, kuma ya kamata dangi su zauna da shi. Matsayata ke nan, ba kuwa zan janye ba. Ina jin masu hassada suna ta gunaguni, wai makarantun nan tsada gare su, wai suna raba yaro da tushensa, wai kaza wai kaza. Yawancin masu wannan magana ko kuɗin fom ba su da shi, don haka ba sai an ɓata yawu a kansu ba. Amma tunda iyaye na ta zagayen neman inda za su kai 'ya'yansu, na ga ya dace in taimaka wa masu rabo da 'yar shawara, kada su yi zaɓen tumun dare.

Abin yana da asali, ba da ka aka fara shi ba. A birnin Jeniba na ƙasar Siwizalan aka buɗe makarantar da ake ɗauka uwa ga ire-irenta a 1924, domin 'ya'yan ma'aikatan Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta wancan zamani, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta gada, da na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya. Iyayen nan ba su da mazauni ɗaya. Bana suna nan, baɗi an tura su wata ƙasa, yaro yana ta tsalle daga wannan manhaja zuwa waccan. A 1968, a birnin dai, aka kafa tsarin da ake kira IB, don yaro ya samu takardar da jami'o'in ƙasashe da yawa za su karɓa duk inda aiki ya jefa ubansa. Wato don 'ya'yan matafiya aka yi abin. Mu kuma, da basirar da Allah ya ba mu, sai muka gano cewa yaron da aka haifa a Nasarawa ta Kano, wanda ubansa bai taɓa ƙaura ba, kakansa ma yana nan cikin birni yana shan iska a ƙofar gida, shi ya fi kowa buƙatarsa. Turawa sun ƙirƙiro makaranta don baƙo ya ji kamar yana gida. Da ta zo hannunmu muka inganta ta, yanzu ɗan gida take mayarwa baƙo. Ya kamata a ba mu lambar yabo a kan wannan.

Abu na farko da za ka duba, ranka ya daɗe, kuɗi ne. Kada ka tambayi me ake koyarwa, wannan tambayar talakawa ce. Tambayi nawa ake biya. In aka faɗa maka ba ka ji jiri ya ɗebe ka ba, gyara hularka ka yi gaba, ba nan ba ce. Araha ba ta ado. A 2024 wata tsohuwar makarantar Ingila, wadda aka kafa tun 1611, ta buɗe reshe a Legas, jaridu suka ruwaito cewa kuɗin shekara ɗaya ya kai naira miliyan 42. Jama'a suka yi ta salati a Facebook. Ni ban ga abin salati ba. A shekarar ce aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a wata, wato 840,000 a shekara. Ke nan masinjan da zai daure ya daina ci da sha da biyan haya, shekara 50 kacal yake buƙata ya biya wa ɗansa aji ɗaya. Ƙofa a buɗe take ga kowa. Wanda bai shiga ba, rashin tattali ne ya hana shi.

Makarantun da suka fi sanin darajar kansu ma ba sa ɓata lissafinsu da naira, da dala suke auna ilimi. Da gwamnati ta saki naira ta nemar wa kanta daraja a tsakiyar 2023, dalar da ake sayarwa wajen 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 tun shekara ba ta zagayo ba. Nan take ilimin yaran ya ninka sau uku, ba a ƙara ko littafi ɗaya ba. Wace makarantar gwamnati ce ta taɓa irin wannan bajinta?

Iyaye na ƙwarai kuma ba su ƙare ba. A watan Afrilun 2024 shugaban hukumar EFCC ya shaida wa 'yan jarida cewa wani tsohon gwamna, tun yana kan kujera, ya ciri dala 720,000 daga asusun jiha ya biya kuɗin makarantar 'ya'yansa na shekarun da ke gaba. Zargi ne, mutumin ya musanta, maganar kuma ta kotu ce. Ni abin da ya burge ni a labarin hangen nesa ne. Kullum ana kukan shugabanninmu ba sa yi wa ilimi tanadin gobe. Ga shi an zargi guda da yin tanadi har na jibi da gata, maimakon a gode sai aka kai ƙara.

Bayan kuɗin zango akwai ƙannensa. Kuɗin fom, wanda ba a mayarwa ko an ɗauki yaro ko ba a ɗauka ba. Kuɗin riƙe gurbi, kuɗin raya makaranta, kuɗin yunifom da ba a yarda ka kai wa telanka ba, kuɗin mota, kuɗin abinci, kuɗin bikin yaye ɗalibai. Wannan na ƙarshen ina ƙaunarsa. Yarinya 'yar shekara biyar ta gama ajin reno, a yafa mata rigar kammala jami'a, a kifa mata hular, a kira mai hoto, uwa ta fitar da anko. Abin da kakanta ya kwashe shekaru yana shan gari da ƙuli a Samaru kafin a yafa masa, ita ta same shi tun ba ta daina fitsarin kwance ba.

Wanda aljihunsa bai kai can ba kada ya karaya, Allah bai manta da kowa ba. A kowace unguwa a Kano da Kaduna da Zariya da Gusau akwai gida mai ɗaki uku da falo da aka shafa wa fenti shuɗi da ruwan ɗorawa, aka zana agwagwa da tuffa a katanga, aka kafa allo mai suna wanda ya fi filin wasan makarantar tsawo. Ita ma ta ƙasa da ƙasa ce. Ɗalibanta daga ƙasashe daban-daban suke: layin masallaci, layin mai shayi, da bayan gidan mai. In mai makaranta ya ce maka manhajar Ingila yake bi, ka yarda. Hukumar Cambridge da ta IB duk suna da jerin makarantun da suka amince da su, a buɗe yake a intanet, minti kaɗan ya isa a duba. Kada ka duba. Mutum mai daraja ba ya bin ƙwaƙƙwafi.

Abu na biyu, ka tabbata akwai Bature. Ba lallai ya shiga aji ba. Ya dai riƙa fitowa bakin ƙofa da safe yana murmushi, a kuma buga hotonsa a takardar talla. Kada ka yi rashin kunyar tambayar me ya karanta, ko me yake yi a ƙasarsu kafin ya zo. In ba a samu na Ingila ba, kowane mai jar fata ya wadatar. Shi ake biya da kuɗin waje, a ba shi gida da mota da tikitin jirgi. Aikin kuwa na Malam ne da Malama 'yan ƙasa, waɗanda suka yi NCE ko digiri a nan gida. Su ke tsaye daga bakwai na safe zuwa la'asar, su ke duba littattafai da dare, su ke amsa wayar uwar da ta kira ƙarfe goma tana neman wanda ya ɗauke wa ɗanta gorar ruwa. An horar da su magana ta hanci. Da an tashi, Malam ya tsaya bakin titi yana jiran Adaidaita Sahu, ɗalibansa na wuce shi cikin motoci masu baƙin gilashi suna ɗaga masa hannu. Nasa 'ya'yan suna wata makarantar can, don albashinsa bai kai ya sa su a inda yake koyarwa ba. Yaro kuwa yana kallo, yana ɗaukar darasin da ya fi kowanne zama a kai: malami wani irin ɗan aiki ne tsakanin direba da kuku, in ya ɗaga murya Dadi zai sa a sallame shi. A zamanin jahiliyya uba ke rusunawa gaban malamin ɗansa. Yau mun waye, malami ke rubuta takardar ban haƙuri.

Sai babbar magana, wadda ake bugawa da manyan baƙaƙe a kowace takardar talla: cikakken ilimi, mai gina yaro ta kowace fuska, ƙwaƙwalwa da jiki da hali. Na gaskata. Yaron nan zai iya ninkaya, a garin da ake sayen ruwa jarka-jarka wurin 'yan garuwa. Zai iya fiyano. Zai iya goge ma, amma na Turawa, wanda ake maƙalewa ƙarƙashin haɓa. Da a ce na gida ya ɗauko, mai ƙwarya da izgar doki, da tuni uban ya tara malamai a yi masa addu'a, don ɗan gidan mutunci ba ya zama maroƙi. Zai tsaya a taron kwaikwayon Majalisar Ɗinkin Duniya a matsayin jakadan Nowe, ya kare matsayin ƙasar kan narkewar ƙanƙara da hujjoji masu ƙarfi, a tafa masa. A tambaye shi sunan mai unguwarsu, ko daga ina ruwan famfon garinsu yake fitowa ranar da ya ga damar zuwa, sai ya ce ba a kai wurin ba tukuna.

Tarihi ma ba a bar shi a baya ba. Zai lissafa maka matan Sarki Henri na Takwas su shida, ya faɗa maka waɗanda aka saka da waɗanda aka fille wa kai. Ya san yaƙin Hastings na 1066. Ya san gobarar Landan ta 1666, har gidan burodin da ta tashi. Ka ce masa me ya faru a Kano da Sakkwato a 1903, ko a Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru ya kwanta dama a wannan shekarar, ko a Satiru a 1906, sai ya dube ka da tausayi. A nan dole a yi wa makarantun adalci. Gwamnatin Najeriya da kanta ta taɓa cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, ya yi shekaru a waje kafin a dawo da shi. Su kuwa 'yan Intanashinal ba su yarda yaro ya tashi babu tarihi ba, sai suka aro masa na wasu.

Haka yanayin shekara. A watan Afrilu, rana tana narka kwalta a Sakkwato, yaro yana cikin kwat mai kauri da ƙyallen nan da Turawa ke shaƙe wuyansu da shi, yana zana mutum-mutumin dusar ƙanƙara. Esi na aiki, janareta na ruri, uba na biyan kuɗin gas. Bai san bazara ba, bai san marka ba, a ajiye masa zangarniyar gero da ta dawa ba zai raba ba. Me zai yi da su? Tuwo ai daga kicin yake fitowa.

Don ilimin ya ƙara cika, sai a haɗa masa jarrabawa kala-kala. Ya yi IGCSE don Turawa, ya yi WAEC da NECO don ko ta kwana, ya yi JAMB kada a ce ba a yi ba, ya yi SAT don Amurka. Malamin lesin yana jiransa a falo bayan la'asar, wani bayan magariba. Malamin Alƙur'ani kuma an ba shi awa ɗaya ranar Asabar, in ba ta ci karo da ninkaya ba. Wani ma, bayan shekara 12 ana hana shi furta komai sai Turanci, sai ya sake biyan kuɗi ya zauna IELTS don ya tabbatar wa masu harshen cewa ya iya. Su ma ai suna da iyali.

Amma duk waɗannan ƙananan ni'imomi ne. Babbar ni'imar ita ce yadda makarantar ke wanke bakin yaro daga Hausa, wanki na tas. A da sai an sha wuya kafin a samu haka. A makarantun kwana na Najeriya tara ake cin wanda aka kama yana magana da harshen gida. A makarantun Faransawa a Nijar wata alama ake rataya wa yaro, ya yi ta yawo da ita har ya kama wani ya sauke masa. Yanzu babu duka babu tara, iyaye da kansu ke gadin ƙofa. An ja wa mai reno kunne, an gargaɗi direba. Hausa ta koma harshen da ake yi wa maigadi da mai wanki faɗa da shi, shi ma uwa ce ke yi.

Masana suna ta surutunsu. Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife daga 1970, aka koyar da yara darussan firamare da Yarbanci har shekara shida, Turanci kuma ya zama darasi guda a cikin darussa. Da aka auna, yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin, sun ma fi su a fannoni da dama. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara karantar da yaro da harshen uwa ko na yankin da yake zaune. To, sai me? Farfesa bincikensa ya yi a kan yadda yaro zai fahimci karatu. Wa ya ce masa fahimta muka je saye? Lafazi muka biya wa kuɗi, wanda in yaro ya buɗe baki a gidan biki matan dangi za su yi tsit su bi uwarsa da kallo.

Kada kuma kowa ya damu, Hausa ba za ta rasa masu riƙe ta ba. BBC ta fara watsa shiri da ita a 1957, Jamusawa da Sinawa a shekarun 1960, Muryar Amurka a 1979. Ana koyar da ita a jami'o'i a Warso da Hambog da Beijin. Babban ƙamusunta na 1934 ma wani Bature ne mai suna Bargery ya tattara. Idan yaronmu ya girma ya ga yana buƙatarta, sai ya je Folan ya biya da kuɗin waje, wata Baturiya ta zaunar da shi ta koya masa gaisuwa. Wannan ma ai karatun ƙasa da ƙasa ne.

Ranar Sallah ake ganin amfanin kuɗin. An kwashi yara an tafi gaida Hajiya Babba a cikin gari. Tsohuwa ta shimfiɗa darduma tun da safe, ta ajiye cincin da dambun nama. Ga jikanta ya shigo da takalmi har tsakar ɗaki, a tsaye ƙiƙam, ya ɗaga mata hannu. Ta washe baki ta ce, "Maraba da maigidana! Yau ina kuɗin cefanena? Ko ka yi mini kishiya ne a makarantar taku?" Wasan kaka da jika ke nan, wanda ko ɗan shekara huɗu a ƙauye ya san amsarsa. Zai ce ai ya sake ta tuntuni, ta tsufa, haƙora ma babu, gida ya ɗauki dariya. Namu sai ya juya ya kalli uwarsa, fuska a yamutse, yana neman tafinta. Uwa ta fassara. Yaro ya razana, ya ce da Turanci wannan magana ba ta dace ba, zai gaya wa malamarsu mai ba da shawara. Uba ya yi 'yar dariya ya ce, "Hajiya, sai haƙuri, ba ya jin Hausa sosai." Ku saurari muryarsa da kyau lokacin da yake faɗin haka. Irin muryar da mutum ke sanar da cewa ya sayi sabuwar mota ce. Tsohuwa ta ce, "Allah ya yi albarka," ta ja bakinta ta tsuke. Tatsuniyoyin da ke cikinta, da labarin yadda mahaifinta ya tafi Makka a ƙasa ta Sudan, da sunayen dangi na kusa da na nesa, da wanda ya auri wa da wanda ya riƙe wa, duk za ta tafi da su kushewa ba tare da sun cinye wa yaro lokacin aikin gida ba. A wace makarantar gwamnati za ka samu irin wannan kariya?

Zumunci ma an sauƙaƙa masa. Ba sai ya wahalar da kansa wajen sanin wane ne baffa, wane ne kawu, wace ce gwaggo, wace ce inna ba. Duk namiji Ankul, duk mace Anti, har mai sayar musu da ƙwai.

Kada a ce makarantar ta yi watsi da al'ada. Rana guda cur aka ware mata a shekara. Yara su sa kayan Fulani na kanti, a ɗora wa yarinya ƙwarya wayam a ka, a ɗauki hoto, a sha fura da cokalin roba, ƙarfe biyu a tuɓe a ninke al'ada a mayar da ita leda sai baɗi. Kuɗin wannan daban ake biya. Tausayi ma ana koyarwa. A ɗebi yara a motar makaranta da katan-katan na taliya zuwa gidan marayu ko wata tsangaya, a jeru a yi hoto, a dawo kowa ya rubuta yadda abin ya sosa masa rai. Ranar ce kaɗai yaro ke ganin sa'o'insa na garinsu ba ta gilashin mota ba. Rubutun kuma yana da amfani wajen neman gurbi a jami'o'in Amurka. Masu cewa almajiri ba ya tsinana wa ƙasa komai sai su gyara bakinsu.

Masu hassada kan kawo misali da mutanen da. Wai Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa 'Yan Taru, jajinta suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. Wai Malam Muhammadu al-Katsinawi ya bar Katsina ya yi Hajji ya zauna a Alƙahira, ya wallafa littafi kan lissafin hatimi, ya rasu can a 1741. Wai Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗan makarantar gwamnati, ya yi Turancin da aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya, ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a 1960 ya yi jawabi, kuma shi ɗin ne dai ya rubuta Shaihu Umar da tsantsar Hausa. So suke su ce mutum na iya riƙe nasa ya ƙara da na wasu. Ni tambayata guda ce: a cikinsu wa ya iya fiyano? Wa aka taɓa kaiwa Dubai yawon buɗe ido yana aji uku? Iliminsu da saura.

Akwai kuma alherin da makarantun nan suka yi wa ƙasa baki ɗaya, wanda ba a cika faɗa ba: sun sauke wa manyanmu nauyi. A da ɗan sarki da ɗan manomi benci ɗaya suke zama. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wadda ta zama Barewa a Zariya, ita ta yaye Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Shagari da Gowon da Murtala. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da jihar Kano ta buɗe a 1977 sun fitar da likitoci da injiniyoyi 'ya'yan talakawa masu ɗimbin yawa. Sai dai tsarin yana da mummunar illa. In rufin aji ya yi yoyo, a kan ɗan kwamishina yake zuba, dole kwamishina ya tashi tsaye. Wa zai iya mulki cikin irin wannan takura? Yanzu alhamdu lillahi kowa ya kama gabansa. Mai riƙe da kasafin ilimi ya san nasa yana cikin esi, saboda haka yana iya duban rufin da iska ta yaye cikin natsuwa, ya kafa kwamiti.

Sakamako kuwa ga shi nan kowa na gani. UNICEF ta daɗe tana cewa yara kimanin miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta a Najeriya, akasarinsu a Arewa. UNESCO a 2022 ta ce in aka haɗa da waɗanda suka isa sakandare adadin ya kai miliyan 20. A 2024 gwamnan Kano da bakinsa, ranar da ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi, ya ce ɗalibai sama da miliyan 4 a ƙasa suke zama su ɗauki darasi. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin tushe, da sharaɗin kowace jiha ta ajiye nata kason kafin ta ɗauka. Shekara da shekaru biliyoyin naira na kwance a Abuja suna jiran jihohin da ba su ajiye ba. A 2022 malaman jami'a suka yi yajin aiki na wata takwas, 'ya'yan talakawa na gida suna ƙirga kwanaki, hotunan 'ya'yan manya da hular kammala karatu daga Ingila suna ta yawo a waya. Lalacewar ta gwamnati tana kawo wa Intanashinal ciniki, cinikin Intanashinal yana hana kowa mai faɗa a ji damuwa da ta gwamnati. Babu sana'ar da ta samu irin wannan haɗin kai daga hukuma a ƙasar nan.

A shekarar 2022 ɗin wani ɗan majalisar wakilai ya kawo ƙudurin da zai taƙaita wa masu riƙe da muƙami tura 'ya'yansu karatu waje. Abokan aikinsa suka yi fatali da shi, suka ce ya taka haƙƙin ɗan Adam. Allah ya saka musu da alheri. A 2019 kuwa, da gwamnan Kaduna na lokacin ya kai ɗansa firamaren gwamnati, sai da abin ya zama babban labari a jaridu, da masu ɗaukar hoto da komai. Gwamna ya sa ɗansa a makarantar da shi ke kula da ita. Dole a yi mamaki.

Ƙarshen tafiya dai yaro ya hau jirgi zuwa Ingila ko Kanada, buri ya cika. An yi shekara 12 ana gyara shi ya dace da ko'ina ban da inda aka binne cibiyarsa. Wasu za su zauna can su biya haraji, uban da ya kashe dukiyarsa yana ganin jikokinsa ta waya, su ma da tafinta. Wasu kuma za su dawo, kuma su ne abin alfaharinmu. Zai sauka da digiri biyu, a nema masa sarauta, a ɗinka masa babbar riga, a nuna masa yadda ake kafa hula. A rubuta masa "Jama'a, ina gaisuwa" a takarda ya haddace cikin mota. Ya tsaya takarar majalisa a mazaɓar da bai taɓa kwana a cikinta ba. Mai riƙe masa lema, da mai yi masa tafinta, da masu ihun "sai ka yi" a bayan akori-kura, duk 'yan makarantar nan ne da iska ta yaye wa rufi. Kowa ya samu aikin da karatunsa ya shirya shi dominsa. In wannan ba cikakken ilimi ba ne, a nuna mini wanda ya fi shi.

Saboda haka Alhaji, Hajiya, kada ku tsaya jan ƙafa, guraben kaɗan ne. In kuɗi bai cika ba, ga gonar gado can a ƙauye, a sa ta a kasuwa, yaron ko hanyarta ba zai taɓa sani ba. Ku kuma mutanen ƙauyen, ku adana katin zaɓenku a wuri mai kyau kada gara ta ci. Nan da shekara 20 zai zo nema.